Ƙwaron Auduga Ya Tsaya a Na Biyu

Wata ranar Juma'a bayan sallar isha'i muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida, sai wani ƙanenmu da ba ya rabuwa da waya ya ce mu kasa kunne mu ji abin dariya. Ya ci karo da jerin waƙoƙin Turawa da aka yi wa ƙwari, kowace da shekarar fitowarta da matsayin da ta kai a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa, ya shiga karanto mana su ɗaya bayan ɗaya: wannan ta ƙuda ce, wannan ta kyankyaso, wannan ta tururuwa, wannan kuma ta malam-buɗe-littafi. Aka yi ta dariya, har wani daga cikinmu ya yanke hukunci da cewa sai wanda ya ci ya ƙoshi ya rasa abin yi ne zai zauna ya yi wa ƙwaro waƙa.

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin na san ba haka abin yake ba. Waƙoƙin ƙwari da suka fi nauyi a tarihin Amurka da Meziko, mutanen da yunwa da bashi da yaƙi suka taɓa ne suka ƙirƙire su, kuma sun zaɓi ƙwaro ne saboda ta bakinsa za su iya faɗin abin da ba su isa su faɗa da nasu bakin ba. Ra'ayina shi ne jadawalin da ƙanenmu ya karanto yana ƙirga waɗanda suka saya ne kawai, ba ya ƙirga waɗanda suka sha wahalar da ta haifi waƙar, kuma a mafi yawan lokuta waƙar ƙwaro ba ta hawa sama sai an zare mata dafinta tukuna. Duk wanda ya auna waɗannan waƙoƙi da lambar da suka kai, to ya auna su da mudun da ba nasu ba.

Ƙwaron da ya tashi manoma daga gonakinsu

Wajen shekarar 1892 wani ɗan ƙwaro mai dogon baki, wanda tsawonsa bai kai farcen ɗan yatsa ba, ya tsallako kogin Rio Grande daga Meziko ya shiga jihar Teksas ta kusa da garin Brownsville. Macensa tana huda tohon auduga ta saka ƙwai a ciki, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta cinye cikin, tohon ya yi rawaya ya faɗo ƙasa tun bai zama komai ba. Kowace shekara sai ya ƙara gaba zuwa gabas, kafin a kai tsakiyar shekarun 1920 ya game kusan duk yankin da ake noman auduga a kudancin Amurka.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne baƙaƙen fata, 'ya'ya da jikokin bayin da aka 'yanta a 1865, waɗanda yawancinsu ba su da gonar kansu, suna noman kashi-mu-raba ne a gonakin masu ƙasa. Tun daga shuka har zuwa kaka bashi suke ci a kantin mai gona ko na ɗan kasuwa, da sharaɗin za a cire idan an ɗebe auduga. Shekarar da ƙwaro ya cinye audugar kuwa, bashin yana nan daram, ga kuma kantin ya rufe musu ƙofa.

Daga cikin waɗannan mutane ne waƙar ƙwaron auduga ta fito, ba wanda zai ce ga wanda ya fara ta. A baitocinta da suka fi yaɗuwa, manomi yana gwada kowace dabara don ya hallaka ƙwaron, ya binne shi cikin yashi mai zafi, ya jefa shi cikin ƙanƙara, amma ƙwaron ya fito lafiya ya ce ai nan ma gida ne, domin shi matsuguni yake nema. A wani baitin manomin ya je wurin ɗan kasuwa neman bashin gari da nama, ɗan kasuwar ya kore shi saboda ya ji labarin ƙwaro ya shiga gonarsa. Abin da ya sa waƙar ta ratsa zukata shi ne mawaƙin yana ƙin ƙwaron kuma yana ganin kansa a jikinsa: baƙi ne, ƙarami ne, kowa na korarsa, ba abin da ya iya kashe shi, kuma kullum yana kan hanya yana neman inda zai zauna. A cikin shekarun da suka biyo baya miliyoyin baƙaƙen fata sun bar kudu zuwa Shikago da Detroit da New York. Wariyar launin fata da kisan gilla da ayyukan masana'antu na arewa su ne manyan dalilai, amma ƙwaron nan ma ya tura ƙeyar mutane da yawa.

Ban taɓa ganin wannan ƙwaron ba, domin babu shi a ƙasarmu, amma na san yadda fuskar manomin auduga take idan ya ga ɓarna. Mahaifina ya noma auduga a ƙasar Funtuwa, kuma ina tuna yadda yake ratsa kunyoyi da sassafe, raɓa na jiƙa masa ƙafar wando, ya tsaya ya tsinko ƙwallo ɗaya mai ɗan huji a gefe, ya tsaga shi da farcen babban yatsa. A ciki sai a ga tsutsa ta naɗe a tsakiyar audugar da ta yi baƙi ta ruɓe. Ba ya cewa komai, sai ya wurgar da ƙwallon bayan shinge, ya ɗaga ido ya bi gonar da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mu yara mun san lissafi yake yi, kuma mun san keken da aka yi mana alkawari ba na bana ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan shirun ba zai ce ƙoshi ne ke sa a yi wa ƙwaro waƙa ba.

Yadda ta kai na biyu

Mawaƙiya Ma Rainey ta ɗauki tata waƙar ƙwaron auduga a faifai a 1923. Charley Patton, wanda ya tashi a gonakin audugar Misisipi, ya ɗauki tasa a 1929, kamfanin Paramount ya fitar da ita ba da sunansa ba, ya laƙaba masa wani suna na ɓoye don talla. Lead Belly ya rera ta a shekarun 1930 wa masu tattara waƙoƙin gargajiya. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da za a nemo lambarta a jadawalin da ƙanenmu ya karanto, domin mujallar Billboard ba ta fara jera faya-fayan da suka fi ciniki a faɗin ƙasa ba sai a 1940, jadawalinta na waƙoƙi ɗari da ake ji da shi yau kuma sai a watan Agustan 1958 ya fara. Ko bayan an fara, an ware wa waƙoƙin baƙaƙen fata jadawalinsu daban, wanda har zuwa 1949 sunansa ma na launin fata ne ƙarara.

Sai a 1961 Brook Benton, baƙar fata ɗan jihar Karolina ta Kudu mai murya kamar zuma, ya sake gina waƙar tare da Clyde Otis suka kira ta The Boll Weevil Song. A wannan karon hira ce mai ban dariya tsakanin manomi da ƙwaro, rabi magana rabi rerawa, da kiɗa mai sanyi wanda ba zai tayar wa kowa hankali ba. Ta kai na biyu a babban jadawalin Billboard, waƙar Bobby Lewis ce ta tare mata hanyar zuwa na ɗaya, kuma ita ce ta fara riƙe na ɗaya a sabon jadawalin waƙoƙi masu sanyi da mujallar ta buɗe a watan Yulin wannan shekarar.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya. Waƙar da aka haifa a bakin mutumin da aka hana bashin gari, bayan shekara hamsin ta zama ta farko a jerin waƙoƙin da ake saurare don a huta. Tafiyar da ta yi daga gona zuwa saman jadawali tafiya ce ta sauke kaya, kuma kayan da ta sauke su ne suka sa aka ƙirƙire ta tun farko.

Kyankyaso da shugaban ƙasa

Haka labarin La Cucaracha yake, wadda da yawa daga cikinmu sun san sautinta ko da ba su san sunanta ba, domin har hon ɗin mota ake yi da shi. Tsohuwar waƙa ce ta masu jin Sifaniyanci a kan kyankyason da ya kasa tafiya, amma ta yi tashe ne lokacin juyin juya halin Meziko da ya fara a 1910. Kowane ɓangare na mayaƙa yana ƙara nasa baitin don ya yi wa abokin gaba zambo, mutanen Pancho Villa da nasu, na Zapata da nasu, na Carranza da nasu. Mutane da yawa sun ɗauka cewa kyankyason da ake nufi a wasu baitocin shi ne Janar Victoriano Huerta, wanda ya ƙwace mulki a 1913 aka kuma kashe Shugaba Madero bayan 'yan kwanaki, kuma aka san shi da shaye-shaye. Talaka ba zai tsaya a kasuwa ya kira janar mai bindiga kyankyaso ba, amma zai iya rera waƙar kyankyaso, kowa ya gane, ba kuma wanda zai kama shi da laifi.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, tunda mu ne masu habaici da zambo da gugar zana. Mu ne muka aurar wa Gizo Ƙoƙi, muka ɗora musu halayen mutanen da ba mu son kama sunansu. Mu ne muke cewa ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, kuma kowa ya san ba ƙuda ake yi wa nasiha ba. Abin da bayi da talakawan wata nahiya suka yi da ƙwarinsu, shi ne abin da kakanninmu suka yi da namu.

"Ai jama'a ne suka zaɓa"

Hujja ta farko da za a kawo mini ita ce jadawali ba ra'ayin mutum ɗaya ba ne, zaɓin miliyoyin mutane ne, don haka wane ne ni da zan ce sun yi kuskure. Ban ce sun yi kuskure ba. Abin da na ce shi ne a duba su wane ne suka yi zaɓen. Jadawali yana ƙirga faifan da aka saya a kantunan da ake tambaya, da waƙar da gidajen rediyon da ake tambaya suka saka. Manomin da ke rera waƙa a bayan alfadari ba shi da garmaho, ba shi da kuɗin faifai, ba wanda ya zo ya tambaye shi, alhali ya rera waƙar sau dubu. Sojan Meziko da ya rera waƙar kyankyaso a saman jirgin ƙasa ma haka.

Sannan a dubi irin ƙwarin da suka kai na ɗaya. The Glow-Worm, waƙar ƙwaron nan mai walƙiya da dare, wadda Bajamushe Paul Lincke ya tsara a 1902 don wani wasan kwaikwayo na kiɗa a Berlin, ta kai na ɗaya a Amurka a 1952 a bakin Mills Brothers bayan Johnny Mercer ya yi mata sababbin baitoci. Waƙar malam-buɗe-littafi ta Andy Williams ta kai na ɗaya a Amurka da Birtaniya a 1957, ta Dolly Parton ta kai na ɗaya a jadawalin waƙoƙin karkara a 1974, ta ƙungiyar Crazy Town ta kai na ɗaya a 2001. Duk ƙwari ne masu kyan gani, waɗanda ba sa cizo, ba sa cin amfanin gona. Na san akwai togiya, domin waƙar ƙuda ta ƙungiyar U2 ta hau na ɗaya a Birtaniya a 1991, ita ce ma ta sauke Bryan Adams bayan ya yi mako 16 a wurin, sai dai sunan ƙungiyar ne ya ɗauke ta a lokacin, kuma ƙudan wani hali ne da mawaƙin ƙungiyar ya ara ya saka. Gaba ɗaya dai kasuwa ta fi son ƙwaron da za a kalla a yi murmushi.

Akwai abu ɗaya da zan amince da shi, kuma ba ƙarami ba ne. Ba don Brook Benton ya kai waƙar na biyu ba, da mutane da yawa ba su taɓa jin cewa akwai ta ba, kuma wasu daga cikin waɗanda suka ji tasa ne suka bi sawu har suka isa ga Patton da Lead Belly. Don haka ban ga laifinsa ba, ɗan kudu ne da ya ɗauki kayan gidansu ya kai kasuwa a siffar da kasuwa za ta karɓa. Damuwata tana kan mai karanta jadawali da zai ɗauka cewa tarihin waƙar daga 1961 ya fara.

"Ai ba ƙwari ake nufi ba"

Wani zai ce yawancin waɗannan waƙoƙin soyayya ne ko na wani abu daban, an ari sunan ƙwaro ne kawai, saboda haka ba wani darasi a cikinsu. Gaskiya ne ba ƙwari ake nufi ba, kuma wannan shi ne abin da nake faɗa tun farko. Tambayar ita ce wa ya ari ƙwaron, kuma don ya faɗi me. Lokacin da Slim Harpo ya kira kansa sarkin ƙudan zuma a 1957, kirarin saurayi yake yi. Lokacin da Frank Sinatra ya rera High Hopes a 1959, inda tururuwa ke fama da bishiyar da ta fi ƙarfinta, nasiha ce ta a yi haƙuri a ci gaba da ƙoƙari, shi ya sa ta dace da kamfen ɗin John Kennedy a 1960. Wannan waƙar ma hujja ce a kan jadawali, domin ba ta shiga goman farko a Amurka ba, amma ta ci lambar Oscar, kuma har yau ana tuna ta fiye da wasu da suka wuce ta a lokacin.

Ba na kuma raina masu taushin don kawai suna da taushi. Fireflies, waƙar ƙwari masu walƙiya da dare, wadda ta kai na ɗaya a Amurka a 2009 da Birtaniya a farkon 2010, wani matashi ne mai suna Adam Young, wanda ke fitar da waƙa da sunan Owl City, ya haɗa ta a ɗakin ƙasa na gidan iyayensa a garin Owatonna na jihar Minesota, yana fama da rashin barci. Duk wanda ya taɓa kwana idonsa biyu har asuba ya san abin da ake nufi. Sai dai kaɗaicin matashi ɗaya kowa na iya saye ya saka a kunne, amma talaucin al'umma guda da zaluncin mai gona kaya ne masu wuyar sayarwa, shi ya sa ɗaya ta hau sama yadda take, ɗayar kuma sai da aka rage mata nauyi.

"Ina ruwanmu?"

Wannan ita ce tambayar da na fi tsammani, kuma amsarta tana garin Enterprise na jihar Alabama. A 1919 mutanen garin suka kafa wa ƙwaron auduga mutum-mutumi na godiya a tsakiyar titi, domin ɓarnarsa ce ta tilasta wa manoman yankin suka koma noman gyaɗa suka sami arziki. Mutum-mutumin yana nan har yau, baƙi na zuwa ɗaukar hoto. Amma wanda ke da gonar kansa da jari shi ne zai iya sauya shuka ya yi godiya. Ɗan kashi-mu-raba da ba shi da ko taƙi ɗaya, abin da ya rage masa shi ne ya ɗaure kayansa ya kama hanya, kuma tarihinsa bai shiga dutse ba, a waƙa ya tsaya. Ɓarna ɗaya ce, amma an ajiye labarinta iri biyu, kuma da waƙar ta ɓace da na masu gona kaɗai za a sani.

Mu ma muna da irin waɗannan shekaru. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa ta cinye gyaɗar arewacin Najeriya, ta ƙarasa abin da fari ya fara, dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi ba. A 2004 fara ta sauka a Nijar tare da ƙarancin ruwa, shekarar da ta biyo baya aka shiga matsananciyar yunwa. A 2016 tsutsar tumatir ta share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Adadin hektocin da aka rasa yana cikin rahotanni, amma abin da mata suka rera a bakin turmi a waɗannan shekarun, da abin da samari suka rera a gayya, yana cikin kawunan mutanen da ke tsufa. Yanzu da ake auna mawaƙanmu da yawan waɗanda suka kalla a YouTube, irin waɗannan baitocin ba su da lamba ko ɗaya, kamar yadda na Patton ba su da ita. Ina ganin hakki ne a kan gidajen rediyonmu da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su fita ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya tun masu baitocin suna raye, kamar yadda aka je aka sami Lead Belly.

Juma'ar da ta zagayo na koma majalisa, na ce wa ƙanenmu ya nemo mana faifan Charley Patton na 1929. Sautin yana ƙara kamar ana suya, muryar ta dishe, ba wanda ya gane kalma ɗaya a cikinmu, har masu jin Turancin. Na ba su labarin yadda na sani, na yashi mai zafi da ƙanƙara da ɗan kasuwar da ya hana bashi. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana kai auduga ma'auna, wanda bai yi dariya ba a makon jiya kuma bai ce komai ba, ya miƙo hannu ya karɓi wayar ya kara ta a kunnensa har waƙar ta ƙare. Da ya mayar da ita sai ya tambaye ni ko an yafe wa manomin bashin bara, na ce masa a iya sanina ba a yafewa, ana ɗora shi ne a kan na baɗi. Ya gyaɗa kai, ya ce wa yaron ya sake saka ta daga farko.